Lokoja a yini guda daga Abuja, da iyali: zai yiwu?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Tun da aka koya wa babban yarona a makaranta cewa a Lokoja kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, ya hana ni sakat, ƙannensa kuma sun kama. Ina so wata Asabar in kwashe su da mahaifiyarsu mu tashi daga Kubwa, mu je mu gani, mu kwana a gida. Waɗanda suka san hanyar da garin, abin zai yiwu? In zai yiwu, me za mu fara gani?

Direban Zuba: Wa alaikumus salam Alhaji. Zai yiwu, amma sai an sallame asuba an shiga mota, ba a tsaya shan shayi ba. Gwagwalada, Kwali, Abaji, Gegu, Koton Karfe, ka haye gadar Murtala a Jamata, sai Lokoja. Kusan kilomita 200 ne. In hanya ta yi kyau awa uku ta kai ka. In kuwa tirela ta lalace a inda hanya ta tsuke, to sai yadda hali ya yi, don da yawa daga motocin da za su kudu maso gabas da mafi yawan masu zuwa Legas daga Abuja nan suke bi. Dawowar ce abin lura. Ƙarfe uku da rabi ta yi maka kana kan hanyar gida, kada magariba ta same ka da yara tsakanin Koton Karfe da Abaji. Ka duba tayoyi da ruwan lagireto tun Juma'a.

Maman Ilham: Baban Khalifa, ni dai da za ka ji tawa, ku kwana. Awa shida ko bakwai a mota, ga hawan dutse, ga shiga ruwa, duk a yini ɗaya, wahalar a kan Maman Khalifa za ta ƙare. Kai tuƙi kawai za ka yi, ita ce mai goyo, mai ba da abinci, mai rarrashi. Kuma zafin Lokoja ba irin na Abuja ba ne, gumi ne mai danƙo, garin yana cikin kwari tsakanin dutse da ruwa. Yaro in ya gaji ba ya ganin tarihi, kuka kawai zai yi.

Direban Zuba: Hajiya gaskiyarki a kan zafi. Amma ba kowa ke da kuɗin masauki na mutum biyar ba. In an ce sai an kwana, da yawa ba za su taɓa zuwa ba.

Ɗan Kabawa: Barkanku da war haka. Ni a Lokoja aka yanke cibiyata, kakana fatauci ya kawo shi daga Kano, nan ya yi aure ya zauna. Yaya Baban Khalifa, yini guda ya isa in ba ka ce sai ka ga komai ba. Wuraren ba su da nisa da juna, tsohon garin ƙarami ne. In kun iso wajen ƙarfe tara, ku wuce kai tsaye dutsen Patti tun rana ba ta yi ba. Mota tana hawa, hanyar dai tana da lanƙwasa da gangare, a bi a hankali. Tsayinsa ya haura mita 450, daga can sama za ku ga garin gaba ɗaya a shimfiɗe, ga Kwara ta gangaro daga arewa, ga Binuwai ta shigo daga gabas, ga tsibirai da rairayi a tsakani. A nan ne gidan hutawar Gwamna Lugga yake. Kun sauko, sai bakin ruwa. Bayan azahar sai ku shigo mana Kabawa. Wannan na ƙarshen shi nake roƙon kada ku tsallake, don shi ne baƙi daga arewa suka fi tsallakewa, alhali shi ya fi shafarsu.

Baban Khalifa: Na gode ƙanena. Me ke Kabawa ɗin?

Ɗan Kabawa: Sarakunanku, Yaya. Waɗanda Turawa suka tuɓe suka kawo nan, suka rayu a cikinmu har Allah ya karɓi rayuwarsu. Sarkin Kano Alu yana nan kwance. Na Zazzau suna nan. Etsu Nupe Abubakar na Bida yana nan. Mutum zai taso daga Kano ko Zariya, ya tsaya Nataco ya ci tuwo ya sha ruwa, ya wuce Onica ko Benin, bai san tsakaninsa da kabarin sarkin garinsu tafiyar 'yan mintoci ba ce.

Malamin Tarihi: Ɗan Kabawa, Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Baban Khalifa, bari in ɗan tsawaita, saboda in ka san labarin kafin ka je, abin da za ka faɗa wa yaranka a bakin kaburburan nan zai fi duk abin da ke cikin littafinsu na makaranta.

Ranar 1 ga Janairun 1900, a Lokoja aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya yi shelar cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Birtaniya. A ranar kuwa ba Kano, ba Sakkwato, ba Katsina a hannunsa. Shela ce a bakin ruwa, sauran aikin bindiga ce ta yi shi cikin shekaru uku da suka biyo. Bida da Kwantagora suka faɗi a 1901. A 1902 Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa saboda Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya matsa wa ƙasarsa, suka shigo Zariya, ba su sake fita ba. A watan Oktoba na shekarar, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya tsere Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Keffi a ƙarƙashin Zazzau take, don haka abin ya shafi Kwasau, aka tuɓe shi, daga baya aka kawo shi Lokoja. Karɓar Magaji kuma ita ce hujjar da aka riƙe aka tasam ma Kano. Farkon Fabrairun 1903 Kano ta faɗi, Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. A hanyar dawowa rundunarsa ta gamu da Turawa a Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya yi shahada a nan. Shi Alu aka kama shi daga baya, aka kai shi Yola, sannan Lokoja, inda ya zauna har ya rasu a 1926. Ka lissafa, shekara ashirin da uku mutumin da ya ci Yaƙin Basasar Kano ya hau gadon Dabo yana zaune a hannun wasu, ba ganuwa, ba kakaki, ba hawan salla.

Sai kuma Aliyu Ɗan Sidi, wanda Turawan da kansu suka naɗa a Zazzau a 1903 bayan Kwasau. Malami ne, mawaƙi ne da har yau ake karanta waƙoƙinsa a jami'o'i. A 1920 su ɗin dai suka tuɓe shi, suka kawo shi Lokoja, ya rasu a 1924. Wanda ya kira su, da wanda ya ƙi su, da wanda suka naɗa, duk gari ɗaya aka tara su. Wannan shi nake so yaro ya tsaya ya yi tunani a kai.

Bakano a Gwarimpa: Malam, wallahi jikina ya yi sanyi. Tun muna yara muke jin "Alu mai sango" a bakin kakarmu, amma ban taɓa kawo wa raina cewa kabarinsa yana nan kusa da mu haka ba.

Abu Sumayya: Assalamu alaikum. Ina da 'yar magana, kuma don Allah a fahimce ni. Tarihin da Malam ya kawo yana da amfani. Amma a yi hattara da ɗaura niyyar tafiya takanas saboda kabari. Hadisi ya tabbata cewa ba a ɗaure sirdi don tafiya sai zuwa masallatai uku, na Makka, na Madina da na Ƙudus. Kuma mun san yadda abin yake farawa, yau ziyara, gobe ɗiban ƙasa, jibi roƙo. Ga yara kuma a tare, abin da suka gani shi za su ɗauka.

Almajirin Shehu: Malam Abu Sumayya, Allah ya saka da alheri, amma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim shi ma ya tabbata, cewa an hana ziyarar kaburbura da farko sannan aka yi umarni da a ziyarce su. Malamai da dama sun fassara hadisin sirdin a kan masallatai, wato kada a yi tafiya zuwa wani masallaci da zaton yana da falala ta musamman in ba ukun nan ba. Mutanen nan Musulmi ne da aka raba da gidajensu da iyalansu, suka mutu a baƙunta. Su ba su cancanci a tsaya a yi musu sallama da addu'a ba?

Abu Sumayya: Sun cancanta, ban musa ba. Addu'a kuma daga Kubwa ma tana isa gare su. Maganata a kan niyyar tafiyar ce.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ku saurara. Bawan Allahn nan cewa ya yi zai kai yaransa su ga ruwa. Niyyarsa ke nan tun farko, ga ta nan a rubuce a sama. In ya isa garin, ya bi ta kan maƙabartar Musulmi ya ce assalamu alaikum, ya roƙa musu gafara, ya gaya wa yaransa su wane ne, a cikinku akwai mai cewa ya yi laifi? Ba ɗiban ƙasa, ba shafa bango. Ku bar shi haka.

Abu Sumayya: In haka ne Hajiya, ba ni da ja.

Almajirin Shehu: Ni ma haka. Allah ya ƙara girma, Hajiya.

Injiniya: Ni kuma ta wani ɓangaren zan shigo. Malamin Tarihi da Ɗan Kabawa suna magana kamar kayan Turawan ba su da muhimmanci. Ai a kan dutsen Patti ne Flora Shaw ta tsaya tana kallon kogin ta raɗa wa ƙasar nan suna Nijeriya. Yaro ya tsaya a inda aka raɗa wa ƙasarsa suna, wannan ƙaramin abu ne?

Malamin Tarihi: Injiniya, wannan labarin za a gaya wa Baban Khalifa a kan dutsen, kuma da zuciya ɗaya masu faɗarsa suke faɗa. Amma shekarun ba su goyi bayansa ba. Flora Shaw ta ba da shawarar sunan ne a rubutun da ta yi a jaridar The Times ta Landan ranar 8 ga Janairun 1897. A lokacin 'yar jarida ce a Ingila. Sai 1902 ta auri Lugga ta biyo shi ƙasar nan, shekara biyar bayan sunan ya fito a takarda. Lokoja ba ta buƙatar wannan ƙarin gishirin, abin da ya faru a cikinta da gaske ya ishe ta.

Kuma ban ce kayan Turawa ba su da muhimmanci ba. A gani, a sani. Akwai wurin da aka yi bikin tutar 1900, an kafa alama. Akwai dogon ginin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya, da manyan bindigogi a gefensa, yara za su so shi. A tuna musu cewa rundunar da Lugga ya kafa a 1897 cike take da Hausawa, kuma su aka kai Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin farko. Akwai maƙabartar Turawa. Akwai makarantar Holy Trinity da Bishop Samuel Ajayi Crowther ya kafa a 1865, wadda ake lissafawa a matsayin firamaren boko ta farko a Arewa, da ƙarafunan nan da ake cewa bawa in ya gudo ya taɓa su ya 'yantu. Abin da ke damuna shi ne baƙo ya hau dutse ya ɗauki hoto da gunkin Lugga da matarsa, ya koma gida yana ganin ya ga Lokoja.

Injiniya: To ai su suka kafa garin, Malam. In ba don Baikie ba, da wa zai san wurin?

Ɗan Kabawa: A'a Injiniya, a nan kam ban yarda ba. Kafin wani jirgin hayaƙi ya hau kogin nan, Oworo suna kan dutsen, Kakanda suna kan ruwa da manyan jiragensu suna fatauci tsakanin ƙasar Nupe da Idah, Bassa-Nge da Igala da Egbura duk suna kewayen. Gbobe da ke tsallaken ruwa babbar kasuwa ce tun kafin nan. Inda manyan koguna biyu suka haɗu ba ya zama ba mutane.

Malamin Tarihi: Ku duka kuna da rabon gaskiya. Dokta Baikie ya zauna a wurin a 1860 bayan jirginsa ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba a 1857, kuma zaman nasa ne ya jawo 'yan kasuwa da 'yantattun bayi har wurin ya zama gari mai wannan suna. Amma da iznin wa ya zauna? Da iznin Etsu Masaba na Bida, don ƙasar a ƙarƙashin ikon Nupe take a lokacin. Baƙo ne da ya nemi masauki aka ba shi. Ya koyi Hausa sosai, har Kano ya je a 1862. Shekara arba'in bayan saukarsa, magajin mai masaukin nasa ne aka kora daga Bida, daga baya aka kawo shi zaman tsare a wurin da mahaifinsa ya ba da aro. Abin da ya sa na ce Kabawa da Patti sai an haɗa su, ɗaya ba ya fassaruwa sai da ɗayan.

Maman Ilham: Maza kun tafi tarihi kun bar maganar ruwa, alhali ita yaran suka roƙa. Ɗan Kabawa, tsakaninka da Allah, za a iya sa ƙananan yara a kwalekwale a wurin nan? Ni gabana faɗuwa yake in na tuna labaran kifewar jirage da muke ji duk shekara a Neja da Kogi da Kebbi.

Ɗan Kabawa: Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, ba zan raina shi ba. Yawancin haɗurran nan in kika bincika za ki tarar lodi ne ya wuce ƙima, ko tafiyar dare, ko ranar kasuwa an cika jirgi da mutane da buhuna da babura. Abin da Yaya zai yi daban ne. Ya je bakin ruwa a Kpata ko Ganaja, ya nemi shugaban masu jirgi, ya ɗauki shatar jirgi mai inji shi da iyalinsa kaɗai, da rana tsaka, a yi ciniki a gama tun a tudu. Sharaɗi ɗaya ba sassauci: rigar ruwa ga kowa, har da daidai jikin yara. In aka ce babu ta yara, a fasa, a tsaya a gaɓa a kalla. Daga kan Patti ma an riga an ga mahaɗar. Amma in an samu an shiga, abin kallo ne, don akwai lokacin da za ka ga ruwan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kowanne da launinsa kafin su gauraye.

Maman Ilham: Mai goyo fa?

Ɗan Kabawa: Ni dai ba zan sa jariri a jirgi don yawon buɗe ido ba. Maman Khalifa ta zauna a inuwa da ƙaramar, Yaya ya shiga da manyan.

Baban Khalifa: Haka za a yi. Ƙaramar ba ta cika shekara biyu ba.

Injiniya: Abin da zai burge babban yaron, ka nuna masa taswira kafin ku tashi. Ruwan da zai gani ta hagu ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya bi ta Bamako, ya yi kwana kusa da Tumbutu, ya ratsa Gawo da Yamai, ya shigo mana ta Kebbi, ya wuce Yawuri da Kainji da Jebba. Tsawon Kwara gaba ɗaya ya haura kilomita 4,000. Binuwai kuma daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, ta Garwa, Yola, Numan, Ibi, Makurɗi, kusan kilomita 1,400. Har kogin Kaduna da Gongola da gulbin Sakkwato duk ruwansu ta gaban Lokoja yake wucewa kafin ya kai teku.

Direban Zuba: Shi ya sa in ya tashi cika ba ya jin magana. Alhaji, wannan ma shi ne abin da na manta ban faɗa ba, lokacin tafiya. Kada ka kuskura Satumba ko Oktoba. A 2012 ruwa ya shanye hanyar, a 2022 ma haka, wajen Koton Karfe. Mu da muke kan hanyar mun ga tashin hankali, tankoki da tireloli jere kwana da kwanaki, har man fetur ya yanke a Abuja. Mutane da kwalekwale suke tsallake kwalta.

Ɗan Kabawa: Ganaja da Adankolo ma ruwa ya shiga gidaje sosai a shekarun nan biyu. Allah kada ya maimaita mana.

Hajiya Babba: Amin. To wane wata ya fi?

Ɗan Kabawa: Nuwamba zuwa farkon Disamba, Hajiya. Ruwa ya fara ja, hanya ta bushe, gari da sauran kore. In aka shiga tsakiyar hunturu hazo yakan rufe, ka hau Patti ka yi ta leƙe ba ka ga mahaɗar sosai ba. Maris da Afrilu kuwa zafi ne da babba ma yake jin jiki, bare yaro.

Maman Ilham: To tunda kun dage a kan yini guda, ga nawa. A dafa abinci a gida tun dare, dambu ko shinkafa da ba ta saurin lalacewa, a cika kula da ruwan sanyi fiye da yadda ake zaton za a sha. Hula ga kowane yaro, takalmi mai rufi saboda dutsen, kayan canji, da gishiri da sukari na haɗin ruwa ko da wani zai galabaita. Kuma Baban Khalifa, in ka ga sun gaji bayan ruwa, kada ka ja su gidan tarihi da maƙabartar Turawa don kawai an lissafa maka. Ka zaɓi guda.

Malamin Tarihi: In guda ce, Kabawa.

Injiniya: Ni da na ce ginin sojoji, don a bakin titi yake, minti goma ya isa, kuma yara maza da bindiga sai Allah. Amma ba zan yi jayayya ba, a yi Kabawa, in lokaci ya ragu a tsaya can a kan hanyar fita.

Bakano a Gwarimpa: Ɗan Kabawa, yaya wurin yake? Akwai mai kula? Mutum zai iya zuwa kai tsaye?

Ɗan Kabawa: A cikin unguwa suke, tsakanin gidajen jama'a. Kada ka sa ran wani katafaren gini irin Hubbaren Shehu a Sakkwato. In ba a nuna maka ba za ka iya wucewa ba ka lura ba, kuma wannan shi ke ci mini rai. Hanya mafi kyau, ku yi azahar a masallacin unguwa, bayan an sallame ku gaisa da dattawa ku faɗi abin da ya kawo ku. Za a haɗa ku da wanda zai raka ku. Hausa ake ji ko'ina a nan, ba za ku sha wahalar magana ba, sarkin garin ma Maigari ake ce masa. Wanda ya raka ku a ba shi ɗan abin goro, a nemi izni kafin a ɗaga waya ana hoto, don gidajen mutane ne, da matan aure a ciki.

Bakano a Gwarimpa: Abin da ciwo. Masu hali a Kano da Zariya da Bida ba su ƙare ba. Ko allo a kafa a kowane kabari, da sunan mai shi da shekarun sarautarsa da shekarar rasuwarsa, da Hausa da ajami da Turanci, ai ba zai gagara ba.

Abu Sumayya: A gyara hanya, a share, a katange don kada dabbobi su shiga, duk ina goyon baya. Bayanin tarihi kuma a sa shi a bakin ƙofa ko a bangon waje, ba a kan kabarin ba. Gini da ado a kan kabari ne ba na so a buɗe wa ƙofa.

Almajirin Shehu: Allo a bakin ƙofa ya wadatar. A wannan kam bakinmu ɗaya.

Hajiya Babba: Abu Sumayya, tunda kana nan, amsa wa Baban Khalifa abin da bai tambaya ba. Tafiyar da za a je a dawo a yini, ana ƙasaru?

Abu Sumayya: Ana yi, Hajiya. Nisa ake dubawa, ba kwana ba. A mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wajen kilomita 80, Lokoja kuwa ta ninka haka. Da zarar ya bar gidajen gari zai yi azahar da la'asar raka'a bibbiyu. In ya bi limamin gari mazauni kuma sai ya cika huɗu tare da shi.

Baban Khalifa: Allah ya saka wa kowa da alheri. Malamin Tarihi, roƙo ɗaya. Abin da ka rubuta a sama ya yi wa ɗan shekara goma sha ɗaya nauyi. Ko za ka taƙaita mana shi yadda zan karanta musu a mota?

Malamin Tarihi: Zan yi in sha Allahu, sarki ɗaya shafi ɗaya, in saka a nan kowa ya ɗauka. Amma kada ka karanta musu a mota, barci za su yi. Ka bari sai kun tsaya a wurin. Ka fara da tambayar Khalifa, in aka ɗauke shi yau aka kai shi garin da bai san kowa ba aka ce ba zai sake ganin gida ba, me zai fi kewa? In ya amsa, sai ka gaya masa wanda ke kwance a gabansa da shekarun da ya yi a haka.

Direban Zuba: Alhaji, kifi kuma kada ka saya a bakin titi inda motoci ke tsayawa, tsada ne. Tunda za ku bakin ruwa, a can za ka samu banda mai kyau, tarwaɗa da giwan ruwa. Ka sa Maman Khalifa ta yi cinikin, ta karya ɗaya ta duba cikinsa ya bushe. A naɗe a takarda, ba leda ba, in ba haka ba kafin Abaji ya yi gumi.

Ɗan Kabawa: In ka tsayar da ranar, Yaya, ka yi mini magana ta akwatin sirri tun Alhamis. In ina gari ni zan tare ku a gindin Patti, in ba na nan ƙanena zai raka ku, shi ya ma fi ni sanin masu jirgin da ke da rigunan yara.